Masu Hawa Dutsen Tula, Ku Ba Mu Asabar Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da samari da 'yan matan da hawan dutse ya zama musu abin yayi, musamman masu cika mota daga Gombe su bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo, su hau Tula ranar hutu.

Ni malamin firamare ne mai ritaya. Shekara 14 na yi ina koyarwa a ƙauyukan Tula, kuma ko da yake yanzu a Kaltungo nake zaune, har gobe ina noma wata 'yar gona can sama da aka ba ni aro tun farkon zuwana. Turbar da zan yi magana a kanta na san ta kamar yunwar cikina.

Ba faɗa na zo yi ba. Wallahi daɗi nake ji in na ga yaran nan. A da, in ka ga mutum yana hawa dutse ba itace zai yo ba, ba gona zai je ba, to Bature ne, kuma mutane kan ce ya rasa aikin yi. Yau ga namu suna zuwa ganin tsohon kurkukun da Turawan mulkin mallaka suka bari, suna shan iska, suna sayen gyaɗa da rake a hannun matan ƙauye. Madalla. Sai dai akwai abin da ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu.

Turbar da ke haurawa zuwa unguwar da gonata take ba a miƙe take ba. Ta yi dama, ta yi hagu, ta sake komowa, har baƙo ya ƙosa. Ba don magabata sun kasa gane miƙaƙƙiyar hanya suka yi ta haka ba. 'Yan shekarun da suka wuce, a hutun Kirsimeti, ayarin matasa suka yi ta zuwa, kuma da yake jininsu na tafasa, sai suka riƙa yanke kwana suna haurawa kai tsaye. Wannan ya bi, wancan ya bi sawunsa, kafin bazara ciyawar wurin ta mutu, layi ya fito fes tun daga sama har ƙasa. Shi kuwa ruwa malalaci ne, inda ya ga sauƙi nan yake bi. Zuwa watan Agusta layin nan ya zama rami mai kai wa mutum gwiwa, ya fasa jingar dutse uku a gonar wata dattijuwa da muke kira Kaka, ya kwashe mata shuka. Duk wanda ya san Tula ya san gonakinsu hawa-hawa ne, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu da hannu, wasu tun zamanin kakanni. In jinga ɗaya ta faɗi, ƙasar da aka yi shekaru ana tarawa ta tafi ke nan.

Na je yi mata jaje, ta dube ni ta ce, "Malam, 'ya'yanku na birni sun zo sun ɗauki hoto, ruwa ya zo ya ɗauki gyaɗata." Dariya ta yi, amma ni kunya ta kama ni.

Turbar nan ba ta yawon shan iska ba ce kawai. Ta nan yara ke sauka makaranta, ta nan mata ke ɗauko ruwa, ta nan ake sauko da buhun dawa a ka. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ta nan maza huɗu ke ɗauko mace har inda babur zai iya kaiwa. A da duk shekara mai unguwa kan sa a yi shela a fito aikin gayya a gyara ta. Yanzu ƙarfafan sun tafi Gombe da Abuja neman kuɗi, an bar tsofaffi da yara.

Wannan ne ya sa muka haɗu mu tara: ni, da wani magini, da ɗan acaɓa, da ɗalibai biyu, da manoma huɗu na unguwar. Asabar muka zaɓa, tunda Juma'a da Lahadi kowacce da masu ita a cikinmu. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba mu da hatimi. Kayan aikinmu diga biyu, shebur, adda, fartanya da kwanon sarki. Baro ma mun gwada, bai hau ba.

Bari in tona mana asiri, don kada wasu su maimaita wautarmu. Shekarar farko karo-karo muka yi muka sayi siminti buhu biyu, magininmu ya zuba matakala sumul a wurin da ya fi tsayi, har muka tsaya muka ɗauki hoto mu ma. Wani dattijo da ke zaune a gindin ɗorawa yana kallonmu bai ce uffan ba. Damina na kankama ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya rarake, simintin ya ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunya. Sai a lokacin muka je muka durƙusa muka ce, "Baba, a koya mana." Ya ce ai ruwan dutse ba a tarar sa gaba da gaba, hanya ake ba shi a lallaɓa shi ya fita.

Abin da ya koya mana bai fi a kirga da yatsu ba, amma ya ishe mu. Inda gangara ta yi tsanani, duk bayan 'yan taku sai a yanka magudana a karkace, a kafa faffaɗan duwatsu a gefenta na ƙasa, a binne fiye da rabinsu, don ruwa ya bar turba ya faɗa cikin ciyawa tun bai yi ƙarfi ba. Matakala kuwa daga ƙasa ake fara ta a yi sama, da manyan duwatsu ba tare da siminti ba, a cusa tsakuwa a bayansu don ruwa ya tsiyaye ta tsakani. In ka aza dutse sai ka hau kansa ka yi rawa. In ya motsa ko kaɗan, cire shi, yaudara ce. Na ga Baba ya sa ɗalibanmu sun cire dutse ɗaya sau biyar, har ɗayan ya yi fushi ya koma inuwa. Matakalar da muka yi a haka ta ci damina guda ko gezau. Ita kuwa hanyar da matasa suka yanke, mun cike ta da duwatsu, muka jibga ƙaya, muka dasa gamba don saiwarta ta riƙe ƙasa.

Sau biyu aikin ke tsananta: yanzu kafin ruwan fari, a yashe magudanai, sai kuma da kaka a sare ciyawar da ta rufe hanya. Saran ciyawar nan ba don kwalliya ba ne. Ƙasarmu ƙasar kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ba banza ba asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo, har daga Taraba da Adamawa da Bauchi ake kawo mutane, kuma an fi cika shi lokacin shuka da girbi. Turba in ta fito fili, mai tafiya na ganin inda zai sa ƙafa. Wuta kam ba ma sa wa, domin tana barin ƙasa tsirara ruwan fari ya wanke ta. Dutse kuma ba ma cusa masa yatsu. Da diga ake ɗaga shi, a janyo shi ta wajenka, don in akwai mai gida a ƙasa ya fita ta can.

Wani zai ce aikin gwamnati ne. To, titi da gada nata ne, ban musa ba. Amma wane ɗan kwangila ne zai hau dutse duk bayan ruwan sama ya yashe magudana mai faɗin tafin hannu? Mutanen Sukur da ke Madagali a Jihar Adamawa da hannu suka shimfiɗa duwatsu a hanyoyin da ke hawa dutsensu, kuma hanyoyin nan da gonakinsu na hawa-hawa suna cikin abin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Ko a Amurka mai kuɗi, turbar duwatsun Afalaciya, mai tsawon kilomita kusan 3,500 da ta ratsa jihohi 14, tun da aka kammala ta a 1937 'yan sa-kai ne ƙashin bayan kula da ita. Su ma gayya suke yi, suna ne kawai ya bambanta. Mu kuwa tun a makarantar allo muka ji cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Kuma mutumin Gombe ba sai an yi masa bayanin zaizayar ƙasa ba, ya ga kwarin da ya ci gidaje a cikin gari.

Don haka, 'ya'yana masu hawa dutse, kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Ba kuɗinku muke nema ba. In kun zo sau goma yawo, ku ba mu zuwa ɗaya na aiki. Ku fara gaida mai unguwa kafin ku taɓa dutsen kowa, domin abin da kuke gani tarin duwatsu ne, wata ƙila iyakar gona ce ko wurin da mutanen gari ke girmamawa. Ku sa dogon takalmin roba, ban da silifa. Ku zo da ruwan sha, ku koma da ledarsa a aljihu, saboda awaki na ci tana kashe su. In kuma ba za ku iya aikin ba, ku dai bi kwana yadda take, ko da ta gundure ku.

Da sassafe muke farawa, mu tashi kafin rana ta take, kuma Kaka ba ta taɓa barin mu mun sauka ba mu sha kunu ba. A kwana ta huɗu akwai wani ƙaton dutse da ya gangaro bara ya tsaya tsakiyar hanya, mata masu kaya sai sun sauke sun raɓa. Asabar uku muna fama da shi mu tara, mun karya ƙotar diga ɗaya. Baba ya zagaya shi ya ce mutum goma sha biyar yake so, da doguwar sandar ƙarfe. Sandar mun samu aro.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Kaltungo, Jihar Gombe.