Sanarwa: yadda saƙonninmu ke zama sirri

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wasu sun tambaya ko kamfanin WhatsApp na karanta hirarmu. Tun 2016 saƙonni ke tafiya a kulle daga waya zuwa waya, don haka kamfanin ba ya iya karanta su.

Kowace waya tana da makullai biyu. Na farko tamkar buɗaɗɗen kwaɗo ne da kake raba wa kowa: mai aiko maka saƙo ya zuba a akwati ya datse. Na biyun na sirri ne, ba ya barin wayarka, shi kaɗai ke buɗe kwaɗon. Wasu masana biyu, Diffie da Hellman, suka wallafa dabarar a 1976.

Amma fa wanda ya tsinci wayarka a buɗe ya gama karantawa. Don Allah kowa ya sa mata lambar sirri.