Amsa ga Alhajin da ya tambaya ko kuɗin Umara da kayan ɗaki za su shiga lissafin kamfani

Assalamu alaikum Alhaji,

Lokaci ya ƙure mana a shirin rediyo kafin in amsa tambayarka yadda ta kamata, shi ya sa na ga gara in rubuto, tunda a bainar jama'a ka yi ta, kuma na san ba kai kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ka ce kana da kamfani mai rajista, kana shigo da shadda da atamfa, kuma wani abokinka ya ba ka shawara ka riƙa zuba kuɗin Umara, man motar gida da kayan ɗakin 'yarka cikin abin da kamfani ya kashe, don ribar da za a yanka wa haraji ta ragu. Ka ce shi ya daɗe yana yi, ba abin da ya same shi. Sannan ka tambaya: mene ne laifin, tunda kamfanin naka ne, kuɗin ma naka ne?

Ranar da ka yi wa kamfanin rajista a hukumar CAC, a idon doka ya zama mutum daban, aljihunsa daban da naka. Sashe na 24 na tsohuwar dokar harajin kamfanoni ya yarda a cire kuɗi daga riba ne kawai idan an kashe shi dungurungum don neman ribar, ba a haɗa shi da wata buƙata ba, ya zama dole, kuma bai wuce hankali ba. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta riƙe ginshiƙin maganar: kuɗin ya tafi gaba ɗaya, kuma shi kaɗai, wajen samar da kuɗin shigar kasuwancin. Gado da kujerun amarya ba su sayar da yadi ko ɗaya ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda nake so mu zauna shi ne maganar abokinka. Harajin kamfani a Najeriya kai ne kake lissafa wa kanka, ka miƙa, a karɓa. Karɓar ba ta nufin an duba an yarda. Hukuma na da shekara 6 da za ta iya waiwayowa ta sake buɗe lissafin, kuma idan ta ga akwai zamba ko ganganci, wannan iyakar ta faɗi, ana iya komawa baya fiye da haka. To abokinka bai tsira ba tukuna, layi ne bai zo kansa ba.

Idan kuma ya zo, ba da littafin da akantanka ya gyara ake farawa ba. Bayanin asusun banki ake nema. Mai bincike zai zauna da biro yana bi layi-layi. Ga kuɗin da aka tura wa kamfanin shirya tafiye-tafiye ana saura kwana kaɗan azumi, tikiti huɗu, duk sunan mahaifi ɗaya, a littafi kuwa an rubuta tafiyar sayen kaya. Ga wani da ya fita a watan Satumba zuwa asusun wata makaranta. Ga wanda yaronka ya tura wa kafinta, ya ma rubuta "cikon kuɗin gado" da hannunsa a wurin bayani. Daga nan zance ya canja. Wanda ya tauna tsakuwa a lomar farko, sauran tuwon da shakka zai ci shi. Kuɗin dakon da ka biya da gaske, hayar sito, ladan 'yan lodi a Kantin Kwari da ba su san rasit ba, duk sai ka kawo hujja, domin nauyin tabbatarwa a kanka yake, ba a kansu ba. Da yawa abin da ke karya ɗan kasuwa ke nan: kuɗin gaskiyar da aka ƙi karɓa saboda na ƙaryar da aka gani a gefensa.

Mu ɗan yi lissafi. A ce ka cusa naira miliyan 10 na hidimar biki, kamfaninka kuma yana cikin masu biyan kashi 30 cikin ɗari. Ka rage miliyan 3. Ranar da hukuma ta gano ta ƙi karɓar wannan kuɗin, za ka biya miliyan 3 ɗin, da tarar kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin ruwa da ake lissafawa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya tun daga ranar da ya kamata ka biya, ma'aunin da ya haura kashi 20 tun 2024. Kai da kake gudun bashin banki don kada ka ci kuɗin ruwa ko ka ciyar, ga shi ka kai kanka inda za a ɗora maka ruwa dole. Ba a nan ta tsaya ba. Kuɗin da kamfani ya kashe wa darakta a kan buƙatar gidansa ana iya ɗaukarsa a matsayin samunsa, sai hukumar haraji ta jiha ita ma ta zo neman nata. Kafin a warware, takardar shaidar biyan haraji ta maƙale, wadda ba a neman kwangilar gwamnati sai da ita.

Rasit ɗin bogi kuwa, irin wanda ake bugowa da hatimin kamfanin da babu shi, ina roƙonka kada ka kusance shi. Idan ka ce ka biya wani ɗan kwangila miliyan 5, tambaya ta gaba ita ce ina harajin da doka ta ce ka cire daga kuɗinsa ka miƙa, ina lambar harajinsa, ina VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya da ayyuka, na kashi 7.5. Ƙarya ɗaya sai ta nemi uku su tallafe ta. Sabuwar dokar ma ta ƙara ɗaure wurin: abin da ya kamata a biya masa VAT ko kuɗin kwastan ba a biya ba, ba za a cire shi daga riba ba. Kai mai shigo da kaya, wannan ta fi shafarka fiye da maganar Umara. Kuma takardar bogi ta fita daga sahun kuskuren lissafi, ta shiga laifin da ake gurfanar da mutum a kansa, har da akantan da ya sa hannu.

Ban ce komai baƙi ne ko fari ba. Motar da take kai kaya da safe ta ɗauko yara da rana, wayar da kake ciniki da ita kake gaisawa da dangi, janareton da shago da gida suke sha tare, tafiyar da ka sauka Dubai ka yi oda sannan ka wuce Makka, duk waɗannan akwai rabon kasuwa a ciki na halal. Abin yi shi ne a raba tun a lokacin, ba a ƙarshen shekara ba. Tikitin Dubai da otal ɗin kwanakin ciniki na kamfani ne, a ajiye takardun odar tare da su. Daga Dubai zuwa Makka na aljihunka ne. Motar kuma ba a zuba kuɗin sayenta a shekara ɗaya, kadara ce, kaɗan-kaɗan ake cire ta. Zakka da sadaka, Allah Ya karɓa, amma kyautar da doka ta yarda a cire ita ce wadda aka ba cibiyoyin da ta amince da su, ita ma da iyaka. Buhunan shinkafar da ka raba a unguwa da azumi ba sa ciki.

Akwai abin da ya fi ba ni takaici. Tun Dokar Kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba sam, sabuwar dokar kuma ta ɗaga wannan iyaka. Sai ka tarar da mai ƙaramin kamfani yana ta cusa rasit don ya rage harajin da tun asali ba a bin sa, ya ɓata littafin da gobe zai nuna wa mai son zuba jari. Kafin komai, ka sa a duba maka rukunin da kake. Ko ba ka biya, miƙa lissafi cikin wata 6 bayan rufe shekara yana nan a kanka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanka wa kanka albashi daga kamfanin, a cire masa harajinsa, ya faɗa asusunka na kanka. Daga can ka yi Umara, ka yi wa 'yarka kayan ɗaki, ba mai tambayarka. Idan kuma ka riga ka bi shawarar abokin naka a shekarun baya, ka samu ƙwararren akanta ku gyara ku kai da kanku tun ba a aiko ba. In takardar ƙarin haraji ta riga ta iso, kada ka jefa ta a durowa: kwana 30 gare ka ka rubuta ƙin amincewa, in ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Idan kwanakin suka wuce ba ka ce komai ba, adadin da suka rubuta ya zauna.

Allah Ya sanya albarka a kasuwa, Ya sa a yi bikin lafiya.

Wassalam,
ɗan'uwanka akanta