Shiga girgije kyauta ne, fita kuwa sai an biya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Aikina kula da kwamfutocin wata ƙaramar ma'aikata ne. Shekara uku da suka wuce muka kwashe bayananmu zuwa rumbun girgije na wani babban kamfani, wato kwamfutocinsa da ake haya ta intanet don ajiye bayanai da gudanar da manhajoji, saboda rangwamen da ya yi mana. Ɗora bayanai ko sisi ba a karɓa. Da muka so komawa wani kamfanin mai araha, sai muka tarar kowace gigabait da za ta fita da kuɗinta, kuma manhajojin da muka gina a kan kayan aikinsu ba sa tafiya ko'ina sai can. Muka lissafa, muka haƙura.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta gano cewa Amazon da Microsoft na riƙe da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na kasuwar girgije ta ƙasar a 2022, shi ya sa a Oktoban 2023 ta miƙa batun ga hukumar kula da gasar kasuwanci. A farkon 2024 Google da Amazon da Microsoft suka sanar da yafe kuɗin fita ga mai barinsu gaba ɗaya. Dokar bayanai ta Tarayyar Turai ma za ta haramta kuɗin sauya kamfani daga Janairun 2027.

To amma ni a ganina, ɗaurin gwarman yana wajen lasisi. Tun Oktoban 2019 Microsoft ta sauya sharuɗɗanta, ta yadda wanda ya sayi lasisin manhajarta ta Windows Server ba zai ɗauke shi kai tsaye zuwa girgijen Amazon ko Google ko Alibaba ba, alhali a Azure, girgijen Microsoft ɗin, hanya a buɗe take. Ka sayi abu da kuɗinka, a ce sai a ɗakin mai shi za ka more shi! Ƙungiyar kamfanonin girgije na Turai, CISPE, ta kai ƙarar Microsoft, aka sasanta a Yulin 2024. Google ta shigar da tata a Satumba. Kar a ɗauka tausayinmu take ji, rabonta take nema.

Mu dai yanzu sabuwar yarjejeniya na kan teburina, kuma na ce ba zan sa hannu ba sai an rubuta mini nawa zan biya ranar da zan tafi.

Naka,
Wani mai kula da kwamfutoci