Na'urar Finbol ta Jaws: Darajarta Tana Cikin Ƙwallon Ƙarfe Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ɗaukacin ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wata na'urar wasan finbol mai suna Jaws (sunan wani fim ne na kifin shak mai cin mutane), wadda kamfanin Stern Pinball ya fitar a watan Janairun 2024. Ni mazaunin birnin Shikago ne a ƙasar Amurka, sana'ata gyaran kayan lantarki, kuma masana'antar da ke ƙera wannan na'ura tana garin Elk Grove Village, a gefen birnin da nake zaune. Na shafe kusan watanni uku ina buga ta duk ƙarshen mako a wani gidan wasannin iyali, saboda haka a kan wannan batu ni ganau ne, ba jiyau ba.

Da yawa daga cikin masu karatu sun san finbol ko da ba su riƙe sunansa ba, domin duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai Windows XP, a ofis ko a shagon intanet, zai tuna da wasan Space Cadet, inda ake harba ɗan ƙwallo sama ana tare shi da 'yan sanduna biyu don kada ya zurare. To, wancan hoto ne kawai. Na'urar gaskiya akwati ce mai ƙafa huɗu wadda nauyinta ya haura kilo 100, an rufe samanta da gilashi, a ƙarƙashin gilashin kuma akwai faifan katako mai gangaren kimanin digiri shida da rabi. Ƙwallon na ƙarfe ne, kamar babbar ƙwayar boris, faɗinsa milimita 27, nauyinsa kusan giram 80. Ana ba mai wasa ƙwallo uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma makaminsa shi ne mabugan da ke ƙasan faifan, waɗanda yake motsawa da maɓallai biyu a gefen akwatin.

Da na aika wa yayana hoton na'urar, tambayar da ya fara yi mini ita ce ko ba caca ba ce, kuma tambayar tana bisa hanya, domin Amurkawa ma sun daɗe suna yin ta. Na'urorin farko, irin su Baffle Ball ta 1931, ba su da mabugai, mutum yana harba ƙwallo ne ya zuba ido, wasu ma har kuɗi suke biya, shi ya sa magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya haramta su a 1942. A 1947 ne kamfanin Gottlieb ya fitar da Humpty Dumpty, na'ura ta farko mai mabugai, daga nan wasan ya koma na gwaninta. Duk da haka haramcin bai tashi ba sai a 1976, bayan wani gwanin finbol mai suna Roger Sharpe ya buga wasan a gaban majalisar birnin ya nuna musu cewa hannu ne ke sarrafa ƙwallo. A wurin da nake buga Jaws, mutum yana biyan dala ɗaya kamar yadda ake biyan kuɗin teburin sunuka, ba ya cin ko sisi, iyakar ladarsa shi ne ƙarin ƙwallo ko wasa ɗaya kyauta idan makinsa ya kai.

Na kawo wannan tarihi ne domin shi ne ma'aunin da nake auna kowace sabuwar na'ura da shi, wato ko tana saka wa hannun da ya ƙware, kuma a nan Jaws ta ciri tuta. Wanda ya tsara faifanta shi ne Keith Elwin, wanda ya sha lashe gasar finbol ta duniya kafin ya koma ƙira, shi ne kuma ya tsara na'urar Godzilla ta 2021. Ana gane cewa ɗan wasa ne ya zana ta tun daga bugun farko. Idan ƙwallo ya hau gada, wato hanyar da ke ɗaga shi sama da faifan, ya zagayo, yakan sauko daidai kan mabugin da ake bukata domin bugu na gaba, ta yadda wanda idonsa da yatsunsa suka saba zai iya jera bugu huɗu ko biyar ba tare da ƙwallon ya tsaya ba. Wanda ya yi gaggawa kuwa, ƙwallon zai daki ginshiƙi ya dawo masa da ƙarfi ta tsakiya, ya wuce kafin ya ƙifta ido. A makon farko wasana bai fi minti biyu ba, yanzu nakan kai minti goma, kuma babu abin da ya canja a cikin akwatin, hannuna ne ya koyi tare ƙwallo, da tsayar da shi a kan mabugi, da auna inda za a aika shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙayar bayan kifin shak da ke fitowa daga cikin faifan tana tafiya gefe zuwa gefe, kamar kifin yana iyo a ƙarƙashin ruwa. Yawancin abubuwan da ake hari a finbol a kafe suke, da mutum ya haddace kusurwarsu shi ke nan, amma wannan tana tilasta wa mai wasa ya lissafa inda za ta kai a daidai lokacin da ƙwallon zai isa. Akwai kuma bokitin koto da ake buga domin jawo kifin, da wani ƙaramin bene a saman faifan mai siffar jirgin ruwan masunta, da nasa ɗan mabugi da sitiyarin jirgi mai juyawa. Benen yana da kyan gani, sai dai ƙwallo ba ya daɗewa a kansa, kuma a ganina bai ƙara wa wasan wani abu mai yawa ba.

Da na'urar ta fito, ƙorafin da ya fi yawa a bakin masoya finbol shi ne cewa kifin da ke ɓullowa daga ƙarƙashin kwalekwale ba ya haɗiye ƙwallo, dukansa kawai ake yi. Na fahimci dalilinsu, tunda na'urar ta samo labarinta daga fim ɗin 1975 mai wannan suna, wanda kifi mai cin mutane ne jigonsa, amma ban yarda da su ba. Duk wata dabara da ke riƙe ƙwallo na 'yan daƙiƙoƙi tana yanke gudun wasa, abin da ya ba mutum mamaki a rana ta farko kuma yakan gundure shi a karo na hamsin. Ban da haka, a matsayina na mai gyara, na san cewa duk bakin da zai buɗe ya rufe yana bukatar ƙarin ɗan injin lantarki da makunni da giyar inji, kuma kowane ɗaya daga cikinsu wata ƙofa ce ta lalacewa a na'urar da ƙarfe ke duka dubban sau a rana.

Sauti da hotuna ba su da laifi. An sa kiɗan fim ɗin, an kuma ɗauki sabuwar muryar ɗan wasan kwaikwayo Richard Dreyfuss yana ba mai wasa umarni. Inda nake da ja shi ne yawan ƙa'idoji. Allon da ke saman akwatin yana ta bayani a lokacin da idon mutum ke kan ƙwallo, wanda bai saba ba kuwa ba zai iya kallon wuri biyu ba. Na ga yara da iyayensu sun saka dalarsu, sun buga, sun tashi ba su san abin da aka so su yi ba. Tsarin Insider Connected, wanda kamfanin ya ƙaddamar a 2021 domin mutum ya nuna wa na'ura lambar da ke wayarsa ta riƙa ajiye masa maki, yana da amfani ga wanda ya riga ya kamu da son wasan, amma ba ya koya wa baƙo komai.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi damuna. Na'urar ta fito kashi uku: Pro a kan dala 6,999, Premium a kan dala 9,699, sai Limited Edition a kan dala 12,999. Wadda nake bugawa Premium ce, amma na gwada Pro sau da yawa, wadda ba ta da benen jirgin kuma kifinta a tsaye yake wuri ɗaya, ban ji na rasa abin da ya kai dala 2,700 ba, hasali ma ƙwallo ya fi gudu a kanta. Mai gidan wasan da ya sayi Pro sai an buga masa wasa kusan 7,000 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, ban da haya da wuta da canjin roba da kwayil. Sakamakon haka na'urori da yawa suna ƙarewa ne a gidajen masu hali, waɗanda suka rage a bainar jama'a kuma galibinsu a mashaya suke, inda ni da 'ya'yana ba ma shiga. Wannan sana'a ta taɓa kai wa bakin kabari, domin bayan na'urar The Addams Family ta 1992 ta sayar da fiye da 20,000, shekara bakwai kacal aka yi kamfanin Williams ya rufe sashensa na finbol a 1999, aka bar Stern kusan shi kaɗai na tsawon shekaru. Tsorona shi ne idan yara ba su sami inda za su taɓa na'urar da hannunsu ba, babu wanda zai gaji masu sayenta na yau.

Ga wanda ke tunanin ajiye ta domin kasuwanci, shawarata ita ce ya ɗauki Pro, ya kashe rarar kuɗin wajen kula da ita. Na taɓa samun wata Jaws a wani wuri daban, faifanta ya yi datti, mabugin hagu ya yi sanyi har ba ya iya kai ƙwallo saman gada, sai wasan gaba ɗaya ya mutu, alhali goge faifai da canja 'yan kayan mabugi aikin awa ɗaya ne ga wanda ya iya riƙe sukudireba. Ga mai karatu da tafiya ta kawo shi Amurka ko Turai kuwa, idan ya ci karo da ita, ya ba ta wasa biyar kafin ya yanke hukunci, kuma ya sa idonsa a kan ƙwallon, ya ƙyale allon.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga birnin Shikago, Amurka.