Wasiƙa Daga Kiyoto: Ni Da Baƙar Tawada

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na san kana cike da ni kan shirun nan, to ka huce, yau da labari na zo. Zanena zai shiga baje koli! Ni ɗin nan da ka ce ko kaza na zana sai an rubuta sunanta a ƙasa. Ba wani babban waje ba ne, zauren unguwarmu ne, amma tsohuwar da ke koya mana da kanta ta zaɓa. Gora ce sanda uku da 'yan ganyayyaki, baƙi a kan farar takarda, shi ke nan.

Har na ji muryarka: "Ina launin?" Kai da in aka ba ka allon shago ba ka barin ko wurin ajiye yatsa sai ka cika shi da ja da kore. A nan Japan, wurin da ba a taɓa ba shi ne rabin aikin. Sumi-e suke kiran zanen. Na je gidan tarihi na ƙasa da ke Tokiyo a watan Janairu, lokacin da sukan fito da zanen Hasegawa Tohaku na ƙarshen shekarun 1500. Itatuwa ne cikin hazo a jikin shamaki biyu masu naɗewa, kowanne falle shida. Na kusa baƙi wuluk, burushin ya ja su da ƙarfi har gashinsa ya tsattsage, na baya kuwa da ƙyar ido ke kama su. Hazon fa bai zana shi ba, takarda ce kawai ya bari, amma wallahi sai ka ji sanyi.

Tawadar ma sai ka gani. Sanda ce ƙanƙararriya, kunkunniya aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, kusan dabarar tawadar allonmu, sai dai mu ƙaro muke sawa. A garin Nara akwai gidan Kobaien da ke yin ta tun 1577, kuma sai da sanyi ake aikin don zafi na ɓata danƙon. Za ka ɗiga ruwa a kan dutse ka yi ta gogawa har ta yi kauri. Yara a ajinmu sukan zo da ta kwalba, tsohuwa ta harare su. Ita a wurinta gugar ce ke kwantar da hannu, kuma ta yi gaskiya, don takardar na shan tawada nan take, abin da ka ja ya zauna, babu gogewa.

Af, da gaske ne Dogo ya ƙara aure? A hoto na gani, babu wanda ya gaya min. Ka ce masa ina bin sa bashin goro, har da na farkon.

Kada ka ɗauka abin tsofaffi ne ya wuce. Nan Kiyoto, a rufin wani zaure na wurin ibadarsu na Kenninji, akwai dodanni biyu da Koizumi Junsaku ya zana, aka ɗora su a 2002 da wurin ya cika shekara 800. Saboda girmansu, a zauren wasannin wata makaranta a tsibirin Hokkaido ya yi aikin. Baƙi na ta ɗaga kai suna ɗaukar hoto. Ni dai Shinoda Toko ta fi kwanta min. Daga rubutun hannu ta fara, ta je Niyok a 1956, ta koma jan layuka zalla, ba tsuntsu ba dutse, har ta rasu a 2021 tana da shekara 107. Layi biyu uku, sauran fili. Ba ta kwaikwayi zanen magabata ba, amma hankalinsu na sanin inda za a tsaya shi ta riƙe. Da kai ne, da ka ƙara mata fure a kusurwa.

Kar ka aiko kilishin nan, ba sa barin nama ya shigo, a filin jirgi za su karɓe. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya dai ina so, masu yawa. Ka gaida Hajiya da amarya, ka kuma turo lambar Dogo, tsohuwar lambar ba ta shiga.

Naka har kullum,
Ɗan Zariya