Kafin a sayi ragon suna, a duƙa a duba ƙasan gida

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da zafi. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye na nan Yamai, musamman mu da ke zaman gidan haya, ɗaki shida ɗaki takwas tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke shirin haihuwa. Da ciki ya kai wata bakwai za ka ga an fara lissafin rago, an fidda anko, an yi wa ɗaki fenti, an yi maganar kujeru da tanti da mai hoto, amma a duk wanga shiri ba ka jin wanda ya ce bari in duba gidan da za a kawo yaron nan ya zauna. Ban ce kar a yi suna ba, sunna ce kuma farin ciki ne. Sai dai bikin yini ɗaya ne, shi ko yaro nan zai kwana ya tashi, nan zai yi rarrafe, kuma duk abin da ya tarar a ƙasa baki zai kai shi. Gyaran da nake nufi mafi yawansa bai kai kuɗin ƙafar rago ba.

Na fi jin tsoron ruwa a kan komi, don shi ne ba mu ɗauka a bakin komi ba. A kartiyoyi irin namu famfo na yanke wa, shi ya sa kowace mata ta tara ruwa, ga bokiti ga baho ga randa, wani baho ma da wanki a jiƙe tun safe an tafi kasuwa an bar shi. Yaro mai wata tara ko goma da ya fara kama abu yana miƙewa, kansa na da nauyi sosai in aka gwada da jikinsa, in ya leƙa bokiti kai ne ke fara shiga kuma ba ya iya juyowa. Ba ya kuka, ba ya wani motsin da za a ji daga ɗaki. Ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa, cikin ƴan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa yara ƴan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci a duniya, kuma mu da mun ji haka sai hankalinmu ya tafi kogi ko unguwar Harobanda da ke hayin kogi lokacin damina, alhali bokitin na bakin ƙofa. In an gama wanki a kife baho. Ruwan ajiya a zuba shi a jarka mai ƙaramin baki ko a samu murfi mai nauyi. Gologo kuwa, wato ramin ruwan dauɗa, da bakin masai, wannan haƙƙin mai gida ne ya rufe su da siminti, ƴan haya su haɗa baki su faɗa masa tun kafin a haihu, kuɗin haya dai ba ya fashin karɓa.

Sai wuta, ita kuma ta kasu. Akwai ruwan wankan jego da ake tafasawa safe da yamma har kwana arba'in, tukunya ƙatuwa a tsakiyar gida, a sauke ta ƙasa a ce bari in ɗauko tawul, ga yayyen jinjirin ƴan shekara biyu uku suna guje-guje. Akwai murhun shayin maigida da abokansa, ɗan ƙarami, a ƙasa kan tabarma daidai tsayin mai rarrafe, garwashi ja yana ɗaukar ido. Ni na ga hannun wata ƴar maƙwabta da ta damƙi irin wanga murhu, yatsu biyu sun manne da juna bayan ya warke, yanzu ta shiga lakwal kuma da ƙyar take riƙe alli. Abin da ya ƙara ɓata ciwon shi ne kafin a kai ta likita an shafa mata man goge baki da ɗanyen ƙwai. Ƙuna ba a sa mata komi sai ruwa mai sanyi mai tsabta, a yi ta zubawa kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi likita. Ruwan wankan jinjiri kuma a fara zuba na sanyi sannan a surka, a taɓa da gwiwar hannu, don tafin hannun macen da ta saba tuƙa tuwo ba ya jin zafin da fatar jinjiri ke ji.

Wanda ba a gani shi ne garwashi cikin ɗaki. In sanyi ya shigo a Disamba da Janairu sai kakanni su ce a shigo da wuta don kar mai jego ta yi sanyi, a toshe taga da zane, a rufe ƙofa, a ƙara da turaren wuta. Gawayi na fidda wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, babba ya tashi da ciwon kai da jiri ya ce ai gajiya ce, jinjiri kuwa ba shi da bakin faɗa. Da girmamawa nake faɗa wa iyayenmu mata, a ɗumama ɗakin a fitar da wutar kafin a kwanta, a bar kafar iska. Haka gaz. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gidaje da yawa sun samu ƙaramar tukunyar gaz ta kilo 6, alhamdulillahi ta rage mana hayaƙin itace, amma da yawa a ɗakin kwana muke ajiye ta don tsoron ɓarayi. Gaz ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, wato daidai inda aka shimfiɗe jinjiri. A gwada bakin da kumfar sabulu, in ta yi ƙwai-ƙwai to akwai yoyo, kar wanda ya gwada da ashana. Lambar pompiye, masu kashe gobara, 18 ce, a sa ta a waya.

Maza, kwalabe kuma naku ne. Isansin moto da kuka sayo a bakin hanya, kalanzir, jabel, fiya-fiya, duk cikin robar lemo ko ta ruwan sha kuke zubawa ku tura ƙarƙashin gado. Yaro ya san wagga roba, ya sha ganin ana sha daga cikinta. In har tsautsayi ya sa ya sha kalanzir ko isansi kar a sa masa yatsa don ya yi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, aman ne ke kai shi cikin huhu. A ɗauke shi da robar a tafi. Ku kuma mata, jan maganin ƙarin jini da ake ba mu wajen awo yana kama da alewa kuma yana da haɗari sosai ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, wurinsa saman kwaba ko cikin akwati mai makulli. Akwai wani abu da ban taɓa jin an yi maganarsa ba, ɗan carbin nan na dannawa da ake sa wa a yatsa, batirinsa ƙarami ne kamar maɓallin riga kuma murfin ba ya da ƙarfi, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona wurin cikin awa 2. Gyaɗa, ƙwallon dabino, ɓarin goro, dala biyar, leda, waɗannan kowa ya san su, shara ce kawai kullum. Wayar kuran da aka ja ta ƙasa don cajin waya ko fanka a ɗaga ta sama.

Kwanciya kuma, jinjiri a rigingine ake kwantar da shi, kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi ba tulin bargo. Gadon nan mai laushi da ƴan barka ke yabawa ba shi ne lafiya ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai na kai digiri 45, ga ɗaukewar wuta, amma ka ga an sa wa jinjiri hular ulu da safa an naɗe shi, duk ƙuraje sun feso masa. A sassauta. Kuma ko da zafin ne nono ya ishe shi har wata 6 ba sai an ba shi ruwa ba, uwar ce za ta yawaita sha ta yawaita ba shi. Zuma ma a bari sai ya cika shekara. Sange kuwa, wato gidan sauro, ba ranar hutu, don maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina sai yaro ya kai wata 3 ake ba shi, ke nan sabon haihuwa sange ne kawai kariyarsa, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, in ya yage a ɗinke. In jikin jinjirin da bai kai wata 3 ba ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, ba a jiran gari ya waye, ba a zuwa wurin mai maganin tebur, CSI, wato likitar unguwa, ake nufa da karnen awo a hannu.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, ku tura ƴan jaridarku su tattauna da sajfam, wato ungozomomin likita, da likitocin yara a kan wagga magana cikin Hausa da Zabarmanci, a sa a rediyo ma don kakannin da ba su karatu, su ne ke riƙe da mai jego kwana arba'in kuma maganarsu ake bi. Malamanmu masu raɗa suna su ma in sun gama addu'a su ƙara minti biyu su tuna wa maza, tunda a nan ne kawai ake samunsu a tare da sassafe. Mu kuma a asusunmu na mata mun yanke cewa duk wadda cikinta ya tsufa, biyu daga cikinmu za su je gidanta su zaga tare da maigidan, daga bakin ƙofa har makewayi, a duƙe, a nuna masa abin da zai rufe da abin da zai ɗaga sama.

Na gode, Allah ya raya mana zuri'a.

Wata mai karatunku,
Bukoki, Yamai