Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jadawalin Sinadarai

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Mamanki ta ce kin duƙufa haddace jadawalin sinadarai saboda jarrabawa, kina rera sunayen kamar karatun allo. Hadda tana da ranarta, amma ina so ki san yadda aka gina jadawalin nan, don wanda ya gane dalilin jerin ba ya shan wahalar riƙe shi.

A 1789 Lavoisier na Faransa ya jera sinadarai 33, har da haske da zafi a ciki, domin a lokacin ana zaton su ma sinadarai ne. A 1829 Döbereiner na Jamus ya lura wasu suna tafiya uku-uku da hali iri ɗaya, irin su kulorin da buromin da aidin. Sai Newlands na Ingila ya ce idan aka jera su bisa nauyi, kowane na takwas yana maimaita halin na farko. Da ya gabatar da wannan a Landan a 1866 dariya aka yi masa, har wani ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffa. Sai a 1887 aka ba shi lambar yabo. Abin nan yana taɓa ni, domin mutumin yana kan hanya.

Wanda nake so ki tsaya a kansa shi ne Dmitri Mendeleev, ɗan Tobolsk a Saiberiya. Bayan rasuwar mahaifinsa da ƙonewar masana'antar gilashin da suke ci da ita, mahaifiyarsa ce ta ɗauke shi zuwa Mosko neman makaranta, aka ƙi karɓarsa, ta wuce da shi St. Petersburg. A shekarar da ya samu shiga, 1850, ta rasu.

A 1869 ya jera sinadarai 63 da aka sani. Inda jerin ya nuna akwai wani abu amma ba a gano shi ba, bai cusa wani sinadari don ya cike wurin ba. Ya bar gurbin a buɗe, daga baya ya bayyana nauyi da halin abin da zai zauna a ciki, ta hanyar duba maƙwabtansa na sama da ƙasa da gefe. A 1875 Bafaranshe Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyam, ya auna ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da idonsa ba, ya ce a sake awo, wajen 5.9 ya kamata a samu. Aka tace ƙarfen sosai aka sake aunawa, aka samu 5.9. Sikandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne ya faɗa gurbin da aka tanadar masa.

Ki lura da abu biyu a nan, 'yata. Bai ji kunyar barin gurbi ba, kuma bai ji tsoron tsayawa kan lissafinsa ba. Haka nake so ki riƙa yi a ɗakin gwaji. Awon da bai fito yadda littafi ya ce ba, ki rubuta shi yadda ya fito, kada ki gyara shi don ya yi daidai da na ƙawarki.

Akwai abin da ya gagari Mendeleev. Ya sa teluriyam kafin aidin saboda halinsu, alhali teluriyam ya fi nauyi, ya ɗauka kuskuren awo ne. Sai a 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar ƙwayar zarra ce ke tsara jerin, wato abin da yau muke ƙirgawa da yawan furoton, ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar kowace ƙwayar zarra. An kashe Moseley a yaƙin Gallipoli a 1915 yana ɗan shekara 27. Yau gurabe 118 ne a cike, ciki har da ƙarfen kuzar Jos a lamba 50 da yuraniyam ɗin Arlit a lamba 92.

Ki ɗauki takarda ki zana layuka uku na farko da hannunki, ki tambayi kanki me ya sa sodiyam yake ƙarƙashin litiyam. Abin da ya shige miki duhu ki kai wa malaminku, kada ki yi nauyin baki.

Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya ba ki sa'a, ya yi miki albarka.

Mahaifinki